Neman kalma: hotunan Japan da ake bugawa da katako

Maman Hanif:
Salamu alaikum. Jibi nake da shirin al'adu a rediyo kan hotunan ukiyo-e na zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, har yanzu na rasa sunan da zan kira su. Mai zane ya zana, masassaƙi ya sassaƙa zanen a jikin katako, a shafa launi, a ɗora takarda a murza bayanta da hannu. Kowane launi da katakonsa. Zan fi tsayawa kan na mai zane Utagawa Kunisada masu nuna bayan fagen kabuki, wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, inda za ka ga ƙato zaune gaban madubi yana kwalliyar mata, tunda a wancan zamanin an hana mata hawa dandamali, tun 1629. A taimaka.

Malam Na-Zage:
Wa'alaikumus salam. Bugun katako. Kamar bugun jarida.

Ɗan Ƙofar Mata:
Malam, a Kano ka ce bugun katako, shadda za a hango wajen masu bugu. Ni dai dangwalen katako. Dangwala yatsa a ƙuri'a ai shi ne aikin: tawada, takarda, alama ta fito.

Malam Na-Zage:
Ba dangwalawa ake ba, murzawa ake. Ka sake karanta bayaninta.

Hajiya Mai Nazari:
Ɗab'in katako ya fi kama aikin. Maɗaba'a kowa ya san ta.

Ɗan Ƙofar Mata:
Hajiya, kullum sai mun gudu Larabci? Dangwale namu ne gada da gada.

Hajiya Mai Nazari:
Ɗana, tawadar da ka ambata ma daga ina ta zo? Aro ba abin kunya ba ne.

Maman Hanif:
Don Allah mu dawo. Akwai kuma makaɗan da ke ɓoye bayan asabari baƙi a gefen dandamali suna kaɗa shamisen. Tsirkiya 3 gare shi. In ce molon Japan?

Malam Na-Zage:
Kar ki canza masa suna, mu ma ba mu so a kira kalangu da sunan gangar wasu. Ki ce shamisen, mai kama da molo, sau ɗaya ya isa.

Maman Hanif:
Na ɗauka. Na farkon kuma zan ce hotunan ɗab'in katako, in bi shi da bayani.

Ɗan Ƙofar Mata:
To, shirinki ne. Amma ɗab'in nan zai yi miki nauyi a baki, kuma mai sauraro a ƙauye ba zai gane ba. Ni ina nan kan dangwale.