Ta yaya ake auna amincin manhajar da ke neman duniyoyi a kewayen wasu taurari?

Ɗalibar Samaru:
Assalamu alaikum. Ina aji uku a sashen fiziks, kuma na karanta cewa na'urar hangen nesa ta Kepler, wadda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba a 2009, ta sa ido kan taurari kusan 150,000, tana dakon lokacin da hasken ɗayansu zai ɗan dusashe saboda wata duniya ta gifta ta gabansa. Tunda manhaja ce ke tace bayanan, ta yaya aka san yawan duniyoyin da suka kuɓuce mata, alhali babu wanda ya san ainihin adadinsu?

Tsohon Malami, Kongo:
Wa alaikumus salam, 'yata. Idan kina son gwada mai tsintar shinkafa, sai ki ƙirga tsakuwa ɗari da hannunki ki zuba cikin mudu, ki miƙa mata ba tare da ta sani ba, sannan ki lissafa nawa ta fitar. Haka masana suka yi: sun cusa alamun giftawa na ƙirƙira cikin ainihin bayanan hasken taurarin, suka bar manhajar ta nema. Alama mai ƙarfi da wuya ta wuce ta, amma tana raunana sai kamun ya ragu. Ki tuna duniya kamar Jufita tana rage hasken tauraro irin rana da kusan kashi 1 cikin 100, irin tamu kuwa kashi 84 ne kacal cikin miliyan, kuma manhajar ba ta karɓa sai giftawar ta maimaitu aƙalla sau uku.

Injiniya, Sabon Gari:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma da sauran rina a kaba, domin mai tsintar tana iya ɗaukar ƙwayar shinkafa ta ce tsakuwa ce. Don auna wannan, an kifar da bayanan ta yadda dusashewa ta koma ƙarin haske, wani lokacin kuma aka hautsina jerin lokutansu. Duk abin da manhajar ta kira duniya a cikin irin waɗannan bayanai, an san kuskure ne. Kuskuren ya fi taruwa wajen kwana 372, wato tsawon zagayen da ita kanta Kepler ke yi wa rana, kuma abin takaicin shi ne nan ne yankin da ake neman masu kama da duniyarmu. Wata duniya mai suna Kepler-452b da aka sanar da gano ta a 2015 ta sha wannan, domin a 2018 wasu masana sun ce hujjarta ba ta kai ta tabbaci ba.

Ɗalibar Samaru:
Na gode ƙwarai. Taurari biyu masu kusufin juna fa, ai su ma suna rage haske akai-akai?

Tsohon Malami, Kongo:
Suna yi, kuma gwajin kifarwar ba ya kama su, tunda alamarsu ta gaske ce. Akan kwatanta zurfin giftawa ta farko da ta biyu, a duba ko tsakiyar hasken tana gocewa zuwa wani tauraro na kusa, sannan a auna rawar tauraron da na'urorin hangen nesa na nan doron ƙasa domin a san nauyin abin da ke zagaya shi.