Handcuff a fantasin NFL: ankwa, safaya, ko mai jiran gado?

Jama'a masu bin ƙwallon Amurka, ku matso, akwai kalmar da nake so mu tsayar mata da Hausa: handcuff.

Fantasi wasa ne da kake haɗa ƙungiyarka da 'yan wasan gaske, kana cin maki gwargwadon abin da suka yi a fili. Ga wanda Fantasy Premier League kaɗai ya sani, akwai bambanci. A can mutum dubu na iya riƙe ɗan wasa ɗaya. A fantasin NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, galibi rabon 'yan wasa ake yi, wanda ka zaɓa naka ne kai kaɗai a rukuninku, in ya ji rauni kai ne a ruwa. Kuma babu mai shan duka kamar running back, wato mai gudu da ƙwallo, wanda ake danƙa wa ita a hannu ya kutsa cikin ƙarti. Kowane yadi 10 maki 1 ne, in ya kai ta ƙarshen fili maki 6.

To handcuff shi ne na bayan tauraronka a kulob ɗinsu na gaske. Ka ɗauke shi ka ajiye a benci, ba ya kawo maka komai, sai ranar da maigidan ya faɗi.

Wasu sun ce a bar shi ankwa, tunda ma'anarsa ke nan, ka ɗaure su biyu wuri guda. Ban yarda ba. Bahaushe in ya ji ankwa, caji ofis yake tunawa, kuma kalmar ba ta faɗi aikin mutumin ba. Safaya ta fi kusa, amma duk ɗan benci safaya ne. Inshora kuwa dabararka ta siffanta, ba ɗan wasan ba.

Ni na tsaya a kan mai jiran gado, jam'insa masu jiran gado.

Ku dubi Christian McCaffrey na San Francisco 49ers. A 2023 ya yi gudun yadi 1,459, babu wanda ya kamo shi a gasar, don haka a 2024 shi ake fara wawura a kusan kowane rabo. Sai ciwon agara ya hana shi fara kakar, ya dawo a Nuwamba, gwiwa ta sake kwantar da shi a Disamba. Wasa 4 kacal ya buga. Amma a wasan farko na kakar da New York Jets, na bayansa Jordan Mason ya hau kujerar ya yi yadi 147. Wanda ya haɗa su biyu ya yi barci a daren nan. Wanda bai haɗa ba, abokin hamayyarsa ne ya ci gadon.

Na san za a ce kalmar kamar fatan sharri ce. A'a, yarima ma ai ba mutuwar sarki yake roƙo ba, matsayinsa ne aka ambata.

Inda kalmar ke da amfani sosai shi ne ta raba mu da wani abu da ake cakuɗawa, wanda Amurkawa ke kira committee, ni kuma nake so mu ce karɓa-karɓa. Detroit Lions a 2023: David Montgomery yadi 1,015, Jahmyr Gibbs yadi 945. Babu mai jiran wani a nan, kowa na cin rabonsa duk mako, sai dai kowannensu na rage wa ɗan uwansa maki. Da Montgomery ya ji rauni a gwiwa a Disambar 2024, Gibbs ya kai ƙwallo ƙarshen fili sau 4 a wasa ɗaya da Minnesota Vikings.

Don haka kafin ka ba wani gurbi a bencinka, tambaya ɗaya ce: in tauraron ya kwanta, mutum ɗaya zai gaje aikin duka, ko koci zai raba shi ga mutum uku? In rabawa za a yi, wannan kulob ba shi da mai jiran gado, kada ka ɓata gurbinka.

Saura running back ɗin kansa. Mai gudu da ƙwallo ya yi tsawo a baki, wanda ke da gajeriyar da ta zauna ya kawo mu gani.