Wace kalma za mu ba "nucleus" na tauraruwa mai wutsiya?

Jama'a, sunan tauraruwa mai wutsiya gadonsa muka yi, babu gardama a kai. Inda ake kai ruwa rana shi ne ainihin jikinta, wanda Turawa ke ce wa nucleus. Wutsiyar da hasken da ke kewaye da kanta duk iskar gas ce da ƙura, suna fitowa ne daga wani ɗan dunƙulallen abu da ke ciki idan rana ta gasa shi.

Wasu malamai suna rubuta "cibiya". Ban gamsu ba, domin cibiya wuri take nunawa, ba ta faɗin yadda abin yake. Wani ɗan'uwa ya kawo "ƙwallo", irin na goruba. Ya kusa, amma ƙwallo abu ne mai tauri, toshe ba kafa.

Ku duba abin da kumbon Rosetta na hukumar sararin samaniya ta Turai ya tarar a 2014 da ya isa tauraruwa 67P. Faɗinta kusan kilomita 4 ne, baƙa ƙirin, kashi 6 cikin 100 kacal na hasken rana take mayarwa. Nauyinta kusan rabin na ruwa ne idan aka auna daidai girma, saboda fiye da kashi 70 cikin 100 na cikinta kafofi ne. Ƙanƙarar ruwa ce da daskararriyar iskar kabon, gauraye da ƙura mai yawa. Kuma ɓangare biyu ne manne da juna ta wani siririn wuya.

Shi ya sa na tsaya a kan "curi". Abin da aka cura, tattaro shi aka yi daga kaya daban-daban aka dunƙule. Samfurin da kumbon Stardust ya ɗebo daga tauraruwa Wild 2 ya sauko da shi duniya a 2006 ya ƙara mini ƙarfi: an sami ma'adinai da sai a tsananin zafi suke samuwa, a jikin abin da ya haɗu a can wuri mai tsananin sanyi.

Ƙura kuwa, mu bar ta ga lallausar da ke cikin wutsiya. Manyan ƙwayoyin da curin ke zubarwa a hanyarsa, waɗanda ke ƙonewa a samanmu cikin Oktoba idan duniya ta ratsa sawun tauraruwa mai wutsiya da ake kira Halley, "ɓurɓushi" ya fi dacewa da su. Mutanen Damagaram da Sakkwato, ko akwai wata kalmar a bakinku da ta fi curi kama ma'anar nan?