Taya ta ƙi rabuwa da rim, 'yan'uwa a taimaka

Assalamu alaikum. Kwana biyu ke nan ina fama da tayar motata mai lamba 185/65 R14, irin marar tub. Motar ta yi damina guda a ajiye a ƙauyenmu, tsatsa ta cinye bakin rim ɗin, roba ta manne kamar an ɗinke. Mai faci mafi kusa sai an yi tafiyar kusan awa guda a babur.

Na cire bawul, iska ta fita tas. Na zuba ruwan sabulu, na tattaka, sannan na ɗora gindin jak a gefen tayar na ɗaga mota a kansa. Ɓangaren waje ya saki. Na ciki kuwa ko motsi, liba biyu da nake da su sai zamewa suke yi, har na ƙuje yatsa.

Wani dattijo ya ce in zuba baƙin mai, amma ina tsoron ya lalata robar, tayar kuma da sauranta. Guduma kuma kada ta lanƙwasa rim, iska ta riƙa zurarewa.

Don Allah masu sana'ar, ta wane gefe ake fara sa liba? Kuma me ke sassauta tsatsa ba tare da ya taɓa roba ba?