Danƙon ɓawon yazawa da totuwa: zai jure zafi kamar na fetur?

Injiniya: Jama'a, ana ta cewa danƙon masana'antu da ake yi da kayan gona zai kori na fetur, har a wuraren da zafi ya yi tsanani. Ni ban yarda ba. Ina nufin irin wanda idan ya daskare ba ya sake narkewa, kamar dafaffen ƙwai, wato zuriyar Bakelite da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907. Har yau yawancin epoksi, wani danƙo na wannan zuriyar, da sinadarin bisfenol A (BPA) ake yin sa, shi kuwa daga fetur yake fitowa.

Baba Makanike: Ɗana, wani malami ya taɓa gaya min akwai man ɓawon yazawa a cikin birkin mota. Man nan da ke ƙona wa yara hannu in suna gasa ƙwallon. Kuma ni na san zafin da birki ke ɗauka in tirela ta sauko daga Jos.

Injiniya: Gaskiya ne, Baba, amma daskarar da man ake yi a niƙa, a zuba garinsa cikin haɗin don birki ya riƙa kamawa daidai. Abin da ke ɗaure komai galibi danƙon fenol ne na fetur. Sinadarin kardanol da ke cikin man yana da doguwar jela mai kabon 15, jelar ce ke sa danƙon laushi, ya saki jiki da wuri in zafi ya hau.

Malama: Injiniya, ka kama yazawa ka yi wa duk kayan gona hukunci. Juriyar zafi daga ginin ƙwayar sinadarin take zuwa. Inda akwai zobba masu tauri da suka sarƙe da juna sosai, danƙon zai jure, ko daga rijiyar mai ya fito ko daga gona. Ɗauki totuwar masara da muke hura wuta da ita. Tun farkon shekarun 1920 kamfanin Quaker Oats a Amurka ya fara tatsar wani sinadari mai suna furfural daga ƙaiƙayin hatsin ots, yanzu kuma Sin ce kan gaba wajen yin sa da totuwa. Da shi ake yin danƙon furan, wanda masu zubin ƙarfe ke ɗaure yashi da shi, su kwarara narkakken ƙarfe mai zafin digiri kusan 1,400 a ma'aunin Salsiyas.

Injiniya: Malama, ai danƙon ƙonewa yake yi a jikin ƙarfen. Shi ya sa yashin ke warwarewa bayan zubi.

Malama: Na fetur ma ƙonewa yake yi a wannan zafin. Abin tambaya shi ne wa ya riƙe siffar har ƙarfen ya daskare, furan kuwa yana riƙewa.

Ɗalibi: Malama, to duk haɗin daga gona yake?

Malama: A'a, a nan Injiniya na da gaskiya. Sau da yawa ana haɗawa da sinadarin fomaldihaid, shi kuwa galibi daga iskar gas ake samun sa. Amma Tarayyar Turai ta haramta BPA a kayan da ke taɓa abinci a ƙarshen 2024, kamfanoni dole su nemi madadi.

Hajiya: Ni abin da ke min ciwo, yazawar Kogi da Kwara ɗanya muke lodawa zuwa Indiya da Biyetnam, da ɓawonta. Su fasa, su tatsi man, mu kuma mu sayo birki.

Injiniya: Wannan kam na yarda, Hajiya. Amma sai na ga allon lantarkin injin jirgin sama da aka yi da totuwa zalla kafin in janye maganata.