Bidiyoyin da ake turowa daga gida sun hana ni barci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sana'ar tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas, iyalina da mahaifiyata suna can ƙauye a Zamfara. Ina cikin guruf na WhatsApp na 'yan garinmu, kusan kullum da dare sai an turo bidiyon gawarwaki, ko muryar wani yana cewa 'yan bindiga sun shiga gari kaza. Da na kalla sai gabana ya yi ta faɗuwa, barci ya ƙaurace min, ga shi motar kaya kan iso tun kafin asuba. Mai saye na taya kwando, ni idona na kan waya. In na yi niyyar fita daga guruf ɗin sai in ji kamar na juya wa gida baya. Don Allah ku ba ni shawara.

Alhaji na Agege: Wa alaikumus salam. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ƙanena, kallon gawar bayin Allah a waya ba ya kare kowa a ƙauye, kai kaɗai yake cinyewa. Labarin da kake buƙata na gidanku ne. Ka riƙa kiran Hajiya bayan magariba, ka ji muryarta, ka ji ta yara. Labarin ƙasa kuma ka kama BBC Hausa ko DW da safe, ya wadatar. Kai ne mai aika musu abin sawa a baki, in ka kwanta ciwo wa zai tsaya musu?

Ɗan Obalende: Alhaji, ni ban goyi bayan ya fita gaba ɗaya ba. A 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, ta irin guruf ɗin nan muke jin labari daga waɗanda suka samu fitowa wajen jihar. Ya zauna, amma ya sa guruf ɗin a shiru, ya kashe saukar bidiyo da kansa a saitin WhatsApp, ta yadda sai wanda ya danna zai buɗe. Datarsa ma za ta huta. Bayan isha'i kuma ya ajiye wayar nesa da shimfiɗa.

Maman Hanifa, Idi-Araba: Malam, ba duk abin da ake turowa ne gaskiya ba. Ku tuna 2014 da Ebola ta shigo Legas, cikin dare aka yi ta yaɗa cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Mutane suka kwanta asibiti, wasu har suka rasa rai, alhali gishiri ba ya maganinta. Yanzu ma sai a ɗauko tsohon bidiyo, wani ma na wata ƙasa, a laƙaba masa sunan garinku. Mu da muke zaune cikin wasu ƙabilu abin ya fi mana haɗari, don saƙo ɗaya na "an kashe 'yan Arewa" zai iya tayar da kasuwa kafin a gano ƙarya ne. A Suratul Hujurat an umarce mu da bincike in labari ya zo. Wanda ba ka tabbatar ba, kar ka tura gaba.

Alhaji na Agege: Na yarda da Ɗan Obalende, ya zauna ɗin. Amma faɗuwar gaban nan kar ka raina ta, ƙanena. In ka yi duk wannan ba ta daina ba, ka je asibiti a auna maka jini.