Nas ɗin da lauyoyi ke ɗauka ta karanta musu folda, me za mu kira ta da Hausa?

Jama'a masu fassara da ma'aikatan lafiya ku matso kusa, akwai wani aiki a Amurka da suke ce wa legal nurse consultant, ina so mu tsayar masa da suna ɗaya kafin kowa ya fara rubuta nasa.

Bari in faɗi aikin tukuna, don shawarwarin da aka fara turo min rabinsu sun kauce ne saboda ba a gane me matar take yi ba. Nas ce cikakkiya mai lasisi wadda ta yi shekaru a asibiti, sai lauya ya ɗauke ta idan wani ya zo yana cewa asibiti sun cuce shi ko sun yi sanadin mutuwar ɗan'uwansa. Lauya ya san doka amma a ba shi folda mai shafi dubu cike da gajerun rubutun likitoci da lambobin awon jini ai kansa juyawa zai yi. Ita ce za ta zauna ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya ta jera abin da ya faru da lokacinsa, ta ce ga shafin da ya ɓace, ga maganin da aka rubuta ba a bayar ba.

Misali ta ga nas ɗin dare ta rubuta jinin mara lafiya ya yi ƙasa ƙarfe 2, ta sake rubutawa ƙarfe 3 ya ƙara sauka, amma babu inda aka nuna an kira likita sai ƙarfe 6 na safe. Lauya zai wuce layin nan bai ga komai ba, ita kuwa da ta sha kwanan duti ta san awa huɗun nan su ne shari'ar gaba ɗaya. Yanzu ma da folda ta koma kwamfuta har takan ce a nemo bayanan da ke nuna wa ya buɗe fayil ɗin da kuma yaushe aka gyara rubutu.

Kuma ba ƙaramin abu ba ne a can, suna da ƙungiya AALNC tun 1989, akwai jarrabawar ƙwarewa LNCC wadda ba a barin mutum ya zauna sai ya yi shekara 5 yana aikin nas da awa 2,000 a wannan fanni.

To ga sunayen da aka kawo.

Wani malami ya ce nas lauya. Malam da girmamawa wannan ba zai yi ba, don akwai masu wannan sunan daban, waɗanda suka yi karatun jinya suka koma suka karanta doka, suna iya tsayawa gaban alƙali su kare mutum. Tamu ba lauya ba ce, ba ta da izinin ba kowa shawarar doka.

Nas ɗin lauya kuma dariya ya ba ni wallahi, duk wanda ya ji zai ɗauka lauyan ne ba lafiya take zuwa gida yi masa allura.

Wata Anti da ta daɗe a aikin jinya ta ce a kira ta nas mai ba da shaida. Anti kin kusa, amma yawancinsu ba sa ba da shaida a kotu, a bayan fage suke. Wadda aka kira ta ba da shaidar ƙwararru matsayi ne daban, kuma ko ita a jihohi da yawa kan aikin nas kaɗai ake sauraronta, ba za ta tsaya ta ce ga yadda ya kamata likitan tiyata ya yi ba, sai an nemo likita irinsa. Nemo likitan ma yana cikin aikin tamu.

Tafintar lauya ya burge ni ƙwarai don da gaske fassara take yi daga yaren asibiti zuwa wanda lauya zai gane. Inda ya gaza shi ne tafinta maimaita abin da aka faɗa yake yi, ba ya sa ra'ayinsa, ita kuwa ra'ayin nata ake saya. Sau da yawa abin da take gaya wa lauya shi ne ka bar ƙarar nan ba ta da ƙafa. Lauyoyin masu ƙara a Amurka galibi sai an ci shari'a suke karɓar kasonsu, kusan kashi ɗaya cikin uku na diyyar, su ke zuba kuɗin bincike tun farko, don haka wadda za ta ce masa kar ka shiga ta cece shi asara babba. Jihohi da dama ma ba sa barin ƙarar ta yi nisa sai da takardar ƙwararre da ke cewa akwai abin dubawa. Sannan ba masu ƙara kaɗai take wa aiki ba, lauyoyin asibiti da kamfanonin inshora su ma suna ɗauka, shi ya sa nas mai binciken asibiti da wani ya kawo bai zauna ba, ya mai da ita kamar 'yar sanda.

Sai ɗaya kalmar, sunan ita ƙarar kanta, wato medical malpractice a Turance. Na ga ana rubuta kuskuren likita, ni dai sakaci na fi so. Ba kowane kuskure ko mummunan sakamako kotu ke kamawa ba, sai an nuna abu huɗu: akwai haƙƙin kulawa a wuyansa, ya gaza yin abin da ƙwararre irinsa zai yi, gazawar ce ta jawo cutarwar, kuma cutarwar ta tabbata. Kalmar ganganci kuma ta yi nauyi da yawa, kamar da niyya. Kuma mu cire likita mu ce sakacin ma'aikatan lafiya tunda nas da mai haɗa magani su ma ana kai su ƙara.

Ni abin da na tsaya a kai, nas mashawarciyar lauyoyi, namiji nas mashawarcin lauyoyi, jam'i nas-nas mashawartan lauyoyi. Na guji mashawarciyar shari'a da gangan don kunnen Bahaushe zai tafi kotun Musulunci ko ya ɗauka ita ce lauyar.

Wani ya yi ƙorafin ya yi tsawo a bakin mai karanta labarai. Gaskiyarka Yaya, amma na Turancin ma kalma uku ne. A faɗe shi cikakke a karon farko, daga nan a ci gaba da cewa mashawarciyar kawai.